Burodin Da Ba Ta Ci Ba

"Malama, wa yake cin burodina?"

Tambayar ta same ta tana kokawa da makullin ƙofar aji, bayan iyaye sun gama kwashe yaransu. Ta juyo a hankali, domin gwiwoyinta ba sa yarda da gaggawa. Mai Burodi ne, mutumin da take shirin aura, tsaye a ƙarƙashin rumfar da yara ke rataye jakunkunansu. Ledar da yake kawo mata kullum da yamma tana hannunsa, amma yau bai miƙo ba. Ya rungume ta a ƙirji kamar wanda ake shirin ƙwace masa.

Ta yi murmushin da bai kai zuci ba, ta ce wa kuwa zai ci in ba ita ba.

"Kada ki yi mini ƙarya. Ban iya magana ba, amma na iya ji."

Ta saki makullin ƙofar.

Da kalmomi a yanke, yana yi yana tsayawa, ya gaya mata abin da ya faru. Da safe ya kai kaya wani shago da ke kan layin su Malama, sai ya iske 'yar kawunta a bakin shagonta na gyaran gashi, tana karyawa da shayi da burodi. Ko daga nesa ya gane shi. Burodi ne da yake yi wa kitso a sama, wanda ba ya sayarwa, ba ya yi wa kowa sai mutum ɗaya a duniya. Da ya tambaya, 'Yar Kawu ta kwashe da dariya, ta ce ai an daɗe ita ke cinye shi. Ta ce Malama ta ce burodinsa ne ke neman kai ta kabari, kuma idan aka yi mata tiyatar rage ƙiba ta dawo kamar sauran 'yan mata, to a lokacin ne za ta zaɓi mijin da ya dace da ita.

"Gaskiya ne za a yi miki aiki?"

"Gaskiya ne... amma ka tsaya ka ji, don Allah."

"A gida an sani?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kowa ya sani sai ni."

Bai ɗaga murya ba. Ya juya da ledarsa ya nufi ƙofar makaranta. Ta kira shi, ta yi yunƙurin bin sa, amma kafin ta sauko 'yan matakalar baranda ɗaya bayan ɗaya tana dafa bango, har ya sha kwana. Ta tsaya a tsakar filin wasan yara tana haki. Da wata mace ce, da ta ruga ta riƙo rigarsa. Ita ko wannan jikinta bai bari ta yi ba.

Malama ba ta san kanta siririya ba. Tun tana goye ake yabon kumatunta, da ta girma aka koma tsokana, daga baya kuma aka daina cewa komai, sai dai a matsa mata a mota ana tsaki ƙasa-ƙasa. Ba wannan ne ya dame ta ba, domin ta daɗe da toshe kunnenta. Abin da ya dame ta ciwon suga ne da ya kama ta tun ba ta yi nisa da ashirin ba, da hawan jini, da numfashin da ke ɗauke mata cikin barci har ta farka a firgice kamar an shaƙe ta. Tana koyar da ƙananan yara, amma ta daina durƙusawa ta ɗaura musu igiyar takalmi, sai dai ta ɗora ƙafar yaro a kan kujera. Haka mahaifinta ya fara. Aka yanke masa yatsa, aka yanke ƙafa, ya rasu tana 'yar makaranta.

Likitar gidansu, dattijuwa ce mai furfura a gaban goshi, ita ta yi jinyarsa har ƙarshe, kuma ita take duba Malama tun tana yarinya a ƙaramin asibitin unguwa. Babu abin da ba su gwada tare ba: canjin abinci, tafiyar ƙafa, ƙwayoyi, allurai. Nauyin ya kan sauka kaɗan, ya dawo da rakiya. Ranar da Malama ta furta maganar tiyata, ta zaci za a yi mata faɗa a ce ragwanci ne. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta jawo takarda ta zana mata hoton tumbi, ta nuna mata inda ake ragewa, ta lissafa mata haɗarin da ke ciki ba tare da ta ɓoye ko ɗaya ba, sannan ta ce ta je ta yi tunani ta dawo. Da ta dawo da amsa iri ɗaya, Likita ta haɗa ta da masu fiɗa a babban asibiti. Su kuma suka ce tun kafin ranar aiki sai ta sauya cin abincinta. Babu suga, babu kayan fulawa.

Babu burodi.

A nan ne Malama ta rasa yadda za ta yi. Mai Burodi mutum ne da Allah ya yi wa baiwar hannu ya rage masa ta baki. Bai taɓa ce mata yana son ta ba. Ranar farko da ta shiga gidan burodinsa sayen na yaran ajinta, ya ƙara mata guda, ya ce, "Na malamar." Washegari ta gan shi a ƙofar makaranta da leda. Tun daga nan ba ya fashi. Idan ta yi rashin lafiya burodin ya fi laushi, idan sun saɓa ya fi girma, ranar da ta amince ya turo manyansa kuwa sai da ya yi masa kitso biyu. Ya kan tsaya ya ga ta gutsura ta kai baki, sai fuskarsa ta washe, ya ce, "To, Malamata," ya tafi. Hirarsu ke nan, kuma ta ishe su.

Ta yaya za ta ce wa irin wannan mutum ya daina kawowa?

Sai ta zaɓi abin da ta ɗauka tausayi ne. Ta ci gaba da karɓa da hannu biyu, ta ce za ta ci a gida da shayi, idan ta isa gida ta miƙa wa 'Yar Kawu, wadda ke zaune tare da su tun da ta buɗe shago a layin. Kullum tana cewa gobe za ta gaya masa, kullum idan ta ga fuskarsa sai goben ta matsa.

A yammacin da ya juya mata baya, ta iske gidan ma ya yi mata ɗaci. Mahaifiyarta, Umma, tana tsakar gida tana ninke wanki, ko amsa sallamarta ba ta yi da kyau ba. Tun farko ba ta yarda da aikin ba. A wurinta 'yarta lafiyayya ce, jiki ne na gado, kuma ba ta ga dalilin da mutum zai kai kansa a yanka shi da ƙafarsa ba. Yau kuwa ta samu wanda za ta ɗora wa laifi. Ta ce ta ji komai: ashe mai fulawar nan ne ya ce ba zai auri mace mai cika ƙofa ba, shi ya sa 'yarta za ta je a yanke mata ciki. Ta ce muddin tana numfashi kada ya sake taka mata ƙofar gida, kuma za ta sa a mayar wa manyansa maganarsu.

Malama ta rantse bai ma san da aikin ba sai yau. Umma ta ce haka soyayya take sa mace ta kare wanda ke cutar ta.

Ba sai an gaya mata wanda ya kai wannan labari ba. Ta wuce ɗakin da suke kwana tare, ta iske 'Yar Kawu a gaban madubi tana gyara gira.

"Me na yi miki?"

"Ni? Burodi kika ba ni na ci. Ko so kike in amayo miki?"

"Kin gaya masa abin da ban faɗa ba. Kin gaya wa Umma abin da bai faɗa ba."

'Yar Kawu ta juyo, ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta ce ita dai ta ga mutumin kirki yana ta wahala da wuta saboda wadda ba ta ko ɗanɗana abinsa, ta tausaya masa. Ta ƙara da cewa ai akwai masu ci, kuma ba sai an yanke musu komai ba.

A daren Malama ta kwashe kayan shimfiɗarta ta koma ƙaramin ɗakin da suke ajiye tarkace.

Makonnin da suka biyo baya ba su da labari mai yawa. Ta kan tashi, ta sha maganinta, ta tafi makaranta, ta rera wa yara waƙar haruffa da muryar da ba ta jin tata ce. Idan aka tashi sai ta daɗe tana jera ƙananan kujeru, tana goge allon da ta riga ta goge, don kada ta fito da wuri ta ga rumfar babu kowa. Ta kira wayarsa ba ya ɗauka. Ta tura saƙo, ta ga alamar an buɗe, shiru. A gida Umma ta ci gaba da zuba mata abinci cike da faranti kamar da, ta ajiye a ƙofar ɗaki, idan farantin ya dawo yadda ya je sai ta ɗauke shi da ƙarfi har cokali ya faɗi. Don haka Malama ta koma dafa nata bayan kowa ya bar kicin, ta ci a ɗan kwanonta tsakanin tsohuwar keken ɗinki da akwatunan mahaifinta. Ta tagar ɗakin tana ganin 'Yar Kawu ta ci kwalliya da safe ta nufi hanyar gidan burodi, ita da ba ta taɓa zuwa sayen komai da ƙafarta ba.

Ba ta taɓa sanin cewa cin abinci ita kaɗai yana da ƙara ba, sai da ta riƙa jin taunarta a kunnenta.

Da ranar ganin Likita ta zo, ta zauna a kan bencin jira tana maimaita abin da za ta faɗa. Aka kira ta. Likita ta auna jininta, ta duba sugan, ta ce ya sauka kaɗan, ta yaba mata. Sannan ta cire tabarau ta dube ta, ta ce sugan ya sauka amma mai sugan ta fi shi sauka, me ke faruwa?

Malama ta ce ta zo ne a soke aikin.

Likita ba ta nuna mamaki ba. Ta tashi ta tura ƙofa ta rufe, ta gaya wa nas kada a shigo, ta jawo kujerarta ta dawo gefen tebur inda babu abin da ya raba su. Ɗabi'arta ce. Ba ta tura kowa tiyata, ba ta kuma janye kowa, sai ta ji dalili daga bakin mai jikin, babu uwa a ɗakin, babu miji, babu mai tayawa. Malama ta kwashe komai ta faɗa mata, daga burodin har ɗakin tarkace, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi.

"Sokewa ba wuya, 'yata. Waya ɗaya zan buga. Idan kin fasa, ni ce likitarki gobe, mu ci gaba da abin da muke yi. Idan kin je, ni ce likitarki ranar da kika dawo. Amma ki amsa mini tukuna. Ranar da kika fara kawo mini maganar nan, don wa kika kawo ta?"

Malama ta dubi ƙafafunta da suka kumbura a cikin takalmi.

"Don ni... Ba na so a fara da yatsa."

"Yau kuma don wa za ki fasa?"

Kuka ya ƙwace wa Malama, Likita kuwa ba ta matsa ba. Ta bar ta ta yi kukanta, ta miƙa mata ruwa. Da ta natsu, Malama ta ce da kanta kada a buga wayar. Za ta je, ko da kuwa ita kaɗai za ta kai kanta ta dawo da kanta.

Likita ta ce ta ji, amma akwai abin da ba za ta ɓoye mata ba. Aikin na 'yan sa'o'i ne, zaman bayansa shi ne na shekaru. Za ta fara da ruwa-ruwa, ta koma mai laushi, ta koyi cin loma kaɗan a hankali kamar jaririya, kuma akwai ranakun da za ta yi da-na-sani. Ta ce ita za ta duba jini, ta rubuta magani, ta amsa waya, amma ba za ta iya zama da ita a kan tabarmar cin abinci ba. Wannan wurin na wani ne.

"Ba ni da kowa, Likita."

"Kin tambaye shi?"

"Ya ƙi ɗaukar wayata."

"Ban ce kin kira shi ba. Na ce kin tambaye shi? Ni kin gaya mini dalilinki, kin gaya wa masu fiɗa, kin gaya wa mahaifiyarki ko da ba ta karɓa ba. Shi kaɗai kika yanke wa hukuncin cewa ba zai iya ɗauka ba. Mutumin da ke wuni a bakin wuta."

Kafin ta fita Likita ta nemi izininta: idan Umma ta zo awon jininta, ta yarda a yi mata bayani? Ta ce ba za ta buɗe baki a kan lafiyarta ga kowa ba, ko uwar da ta haife ta, sai da yardarta. Malama ta ce ta yarda, ko da yake ba ta sa rai ba.

Ba ta koma gida ba. Ta hau mota ta sauka a bakin layin gidan burodi, ta taka sauran da ƙafa, tana tsayawa tana hutawa a jikin bango. Rana ta take. Masu saye sun watse, kantocin gaba sun kusa zama fanko. Ta bi ta ƙofar gefe zuwa ɗakin kwaɓi, inda zafi ya dake ta a fuska tun daga bakin ƙofa. Yana nan shi kaɗai, ya juya baya, yana murza kwaɓi a kan dogon tebur da ƙarfin da ya wuce buƙata. Ya rame. Rigar aikinsa ta yi masa yawa a kafaɗa.

Ta yi sallama. Hannunsa ya tsaya, amma bai juyo ba.

Ta ce ba ta zo ya yafe mata ba, ta zo ne ta faɗa masa abin da ya kamata ya fara ji kafin kowa. Ta gaya masa labarin mahaifinta, wanda bai taɓa ji dalla-dalla ba. Ta gaya masa yadda take farkawa ba numfashi, da allurar da take yi wa kanta a bayan ƙofar aji. Ta ce ba ta taɓa cewa burodinsa ke neman kai ta kabari ba, ba ta kuma neman wani miji, siririya ko mai ƙiba. Abu ɗaya ne gaskiya a cikin duk abin da aka gaya masa: ta karɓa, ba ta ci ba, ta yi masa ƙarya.

"Na ji tsoro ne, masoyi. Na ga idan na ce ka daina kawowa, kamar na ce ka daina zuwa ne."

Ya juyo. Idanunsa sun yi ja, kuma ba hayaƙi ba ne.

"Ni ma... abin da na ji ke nan."

Ya goge hannunsa a jikin riga, ya sake gogewa. Sai maganar ta fara fitowa, a karkace, tana tuntuɓe, amma tana fitowa. Ya ce maganar wani miji bai yarda da ita ba ko na minti ɗaya, domin ya san ta. 'Yar Kawu ma da ta yi ta sintiri, ya sa an riƙa sallamar ta daga kanti. Abin da ya hana shi barci ɗayar maganar ce. Ya zauna ya tuna duk ledar da ya kai mata, da yadda yake ƙara suga da bota a nata don ya fi na kowa daɗi, ya ga ashe da hannunsa yake ƙara mata ciwo yana murna. Kunya ce ta hana shi ɗaukar waya. Ya ce har asibitin unguwa ya je ya tambayi Likita ko shi ne ya jawo, ta ce masa ba ta maganar marar lafiya a bayan idonsa, idan yana son amsa ya zo tare da mai jikin.

"Ba ta gaya mini ka je ba."

"Ni ma ba ta gaya mini komai ba. Tsohuwar nan... bakinta ya fi nawa nauyi."

Dariya ta kuɓuce mata cikin kuka. Ta jingina da ƙofa domin ƙafafunta sun gaji, ya yi sauri ya jawo mata buhun fulawa ta zauna. Ya durƙusa a gabanta yana kallon hannayensa.

"Malamata, ni wannan kaɗai na iya. Idan ban zo da burodi ba, da me zan zo?"

"Ka zo kawai."

"Haka nan? Hannu biyu?"

"Haka nan nake so."

Tare suka koma wurin Likita a makon. Ya zauna a takure, hularsa a gwiwa, ya yi tambayoyinsa ɗaya-ɗaya kamar mai auna gishiri. Za ta ji zafi? Za ta ji. Za ta farka? Mafi yawa suna farkawa lafiya, amma babu tiyatar da ba ta da haɗari, kuma ba za ta yi masa alkawarin da ba na ɗan Adam ba. Shi ne ya jawo mata ciwon? Likita ta dubi Malama, sai da ta gyaɗa kai sannan ta ce ciwon ya girmi soyayyarsu da shekaru, kada ya ba burodinsa girman da bai kai ba. Ta ce aikin da ke gabansa shi ne ya koyi cin abinci a zaune, a hankali, domin ta ji labarin masu gashi a tsaye suke haɗiye nasu. Ya ce zai koya. Ya ɗauki abin da gaske har ya fara tun ranar, ya riƙa zuwa makaranta da yamma su zauna a kan baranda, ita da ɗan kwanonta, shi da nasa, yana tauna kowace loma yana kallon ta ko ya yi daidai.

Gida dai bai sauya ba. Safiyar da za ta tafi babban asibiti ta durƙusa da ƙyar a ƙofar ɗakin Umma ta nemi addu'a. Daga ciki aka ce Allah ya kiyaye, ba a ɗaga labule ba. Ta ɗauki jakarta ta fita. Yana jiran ta a bakin layi, inda aka yi masa iyaka.

Bayan aikin ta farka da ƙishi da ciwo, da fuskarsa a saman tata. Washegari nas ta ce dole ta tashi ta taka, kwanciya ba ta da amfani ga irin wannan aiki. Ya ɗago ta a hankali, ta rataya a kafaɗarsa, ɗayan hannunsa yana tura ƙarfen ƙarin ruwa. Suka fito doguwar barandar asibitin suna jan ƙafa. Kowane taku sai ta ji kamar ɗinkin zai buɗe. Ta ce ba za ta iya ba, ya ce saura kaɗan su kai taga. Da suka kai taga ya ce ai ba wannan tagar yake nufi ba.

A ƙarshen barandar, kusa da matakala, wata mata tana tsaye da fulas a hannu, tana ta waige-waige kamar wadda ta ɓata.

Umma ce.

Suka tsaya. Mai Burodi ya yi yunƙurin sakin ta don ya gaishe da Umma yadda ya kamata, sai ya tuna idan ya saki za ta faɗi, ya rasa yadda zai yi, ya ɗan rusuna da ita gaba ɗaya.

Umma ba ta dube shi ba tukuna. Ta ƙaraso ta taɓa goshin 'yarta, ta taɓa kumatunta. Ta ce jiya ta kasa zama a gida, sai ta ce bari ta je awon jini, likitar nan tasu kuma ta tsare ta a ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce Likita ta tuna mata abubuwan da ta yi shekaru tana ƙin tunawa, har da ranar da aka fito da mahaifinsu daga ɗakin fiɗa. Da ta koma gida ta zaunar da 'yar ƙaninta ta tambaye ta a ina ta ji maganar mace mai cika ƙofa, yarinya ta kama kame-kame, yanzu haka tana haɗa kayanta. Sannan ta ɗaga fulas ɗin, ta ce romo ne, an tace shi sau biyu, babu mai babu yaji, yadda aka ce. Ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa dafa abu marar daɗi irin wannan ba.

"Umma... ki yafe mini."

"Yi mini shiru, kada ɗinki ya buɗe."

Sai a lokacin ta juya ga mutumin da ke riƙe da 'yarta. Ta dube shi tun daga idanunsa da ba su ga barci ba har takalmansa da ya sa a karkace. Nas ta riga ta gaya mata a ƙasa cewa tun jiya yake kan benci, ko ruwa sai da aka tilasta masa. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa, ta riga shi.

"Kai kuma, ka riƙe ta da kyau, ba buhun fulawa ba ce. Idan ta warke ka ce wa manyanka su dawo, maganarsu tana nan inda suka bar ta."

Ya ce, "To, Umma."

Umma ta zagayo ta ɗaya gefen, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannun 'yarta, suka juya su uku suka kama hanyar komawa ɗaki, tana yi masa faɗan yana sauri.